BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN KURAKURAN KOREWA BIYU DA TAGWAYEN MAHAƊAI A INGILISHIN ƊALIBAN AUJARA

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi wasu kurakurai iri biyu da suka zama ruwan dare a Ingilishin ɗalibai Hausawa na makarantun sakandare, musamman na garin Aujara da kewayensa. Na farko shi ne tara kalmomin korewa biyu a cikin jimla ɗaya. Na biyu kuwa shi ne rikita mahaɗan nan da suke tafiya bibbiyu, waɗanda a nan za a riƙa kiran su tagwayen mahaɗai. Akwai bayanai guda biyu da aka saba bayarwa game da kuskuren korewa. Bayanin farko shi ne dokar da ake haddace wa ɗalibai a aji, wato wai korewa biyu tabbatarwa ce. Bayani na biyu shi ne zargin da ake yi wa Hausa, cewa "ba ... ba" ɗinta ce ɗalibi yake ɗauka ya kai cikin Ingilishi. Za a auna waɗannan bayanai a ga ko sun gamsar, sannan a nuna inda ake ganin gizo yake saƙar. Daga nan za a juya ga tagwayen mahaɗai, domin a nuna cewa kurakuran biyu tushensu ɗaya ne. An sa alamar tauraro a gaban duk jimlar da ba ta karɓu ba a daidaitaccen Ingilishi.

4.1 Muhallin Ɗalibin Aujara

Aujara gari ne a Ƙaramar Hukumar Jahun ta Jihar Jigawa, cikin masarautar Dutse. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, yankin yana cikin Jihar Kano, kuma Hausar da ake yi a nan ba ta yi nisa da Kananci ba, wanda a kansa ne aka gina Daidaitacciyar Hausa. Hausa ce harshen gida da kasuwa da gona. Yaro yakan fara jin Larabci a makarantar allo da Islamiyya, amma Ingilishi sai ya shiga firamare yake haɗuwa da shi sosai, kuma da zarar an tashi daga makaranta sai ya koma Hausarsa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, daga baya a koma Ingilishi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai wannan tsari har ƙarshen firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar soke shi. Ko wane tsari aka bi, yaron Aujara da Hausa yake ƙulla tunaninsa kafin ya nemi kalmomin Ingilishi da zai tufatar da shi. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin samun kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO sharaɗi ne na shiga jami'a, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ce, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Jami'ar Bayero ta Kano. A jarrabawar akwai tambayoyin zaɓi a kan ginin jimla, akwai kuma insha'i inda ake rage maki a kan kurakuran nahawu. Don haka gane tushen kuskure ya wuce sha'awar masana kawai, ya shafi makomar ɗalibi.

4.2 Dokar "Korewa Biyu Tabbatarwa Ce"

Alal misali, ɗalibi yakan rubuta:

1. *I did not see nobody.

Abin da malami yakan gaya masa shi ne, "not" ta kashe "nobody", saboda haka jimlar tana nufin ya ga wani ke nan, kamar yadda a lissafi idan aka ninka ragi da ragi ake samun ƙari. An fi danganta wannan doka da Robert Lowth, wani malamin coci na Ingila wanda littafinsa na nahawu ya fara fitowa a 1762, sai Lindley Murray ya ƙara yaɗa ta da nasa littafin na 1795, wanda makarantu suka daɗe suna amfani da shi. A harshen Latin, wanda malaman wancan zamani suka ɗauka abin koyi, lalle korewa biyu kan warware juna. Amma Ingilishi ba haka ya taso ba. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya tara kalmomin korewa har huɗu a jimla ɗaya wajen yabon halin wani jarumi, kuma nufinsa ƙarfafa korewar. Shi ma Shakespeare ana samun korewa biyu a wasanninsa. Tun a ƙarni na 16 da na 17 masu ilimi suka fara barin wannan salo a rubutu, wato Lowth ya tarar da al'adar ta riga ta juya, ya ba ta hujja ne daga baya.

Idan aka duba sauran harsuna za a ga dokar ba ta gama duniya ba. Mai magana da Sifaniyanci yakan ce "No vi a nadie", kalmomin korewa biyu ke nan, ma'anarta kuwa "ban ga kowa ba". Haka abin yake a Rashanci. Daɗin daɗawa, William Labov (1972) ya nuna cewa tara korewa a Ingilishin baƙar fatar Amurka tsari ne mai ƙa'idojinsa. Babu kuma Baturen da zai ji jimla ta 1 ya ɗauka an ga wani. Ke nan laifin jimlar shi ne ta saɓa wa daidaitaccen Ingilishi, wanda shi ake so a jarrabawa da ofis, ba wai ta saɓa wa hankali ba.

Babban raunin dokar shi ne ta cakuɗa abubuwa uku mabambanta. Na farko, akwai korewa mai ƙafa biyu, wato korewa ɗaya da ake furtawa a wuri biyu, kamar "ba ... ba" a Hausa, da "ne ... pas" a Faransanci, da "nie ... nie" a harshen Afirkans na Afirka ta Kudu. Na biyu, akwai korewa mai amshi, inda kalma ta biyu take amsa wa ta farko don ƙarfafawa, kamar a Sifaniyanci da jimla ta 1. Na uku, akwai korewa mai warware korewa, wadda ita kaɗai ce dokar ta dace da ita, kuma Hausa tana da ita:

2a. Babu wanda bai zo ba.
2b. Ba wai ban sani ba ne.
2c. Bai ƙi ba.

Kowane Bahaushe ya san 2a tana nufin kowa ya zo, 2b na nufin an sani, 2c kuwa an yarda. To yaron da aka gaya wa cewa duk korewa biyu tabbatarwa ce, alhali ya san "bai zo ba" ba ta taɓa nufin an zo ba, ɗayan biyu zai yi: ko ya ɗauka harshensa ne ba ya bin hankali, ko kuwa ya haddace dokar don jarrabawa ba tare da ta zauna masa ba.

4.3 Shin "Ba ... Ba" Ce Mai Laifi?

Bayani na biyu ya samo asali ne daga ra'ayin Robert Lado (1957), wanda yake ganin mai koyon baƙon harshe yakan kwashi tsarin harshensa ya kai cikin sabon. Ra'ayin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai a nan an bar jaki ana dukan taiki. Masana nahawun Hausa irin su Galadanci (1976) da Newman (1971 da 2000) sun yi bayanin hanyoyin korewa, kuma za a iya taƙaita su zuwa biyar:

3a. Audu ya zo. Audu bai zo ba.
3b. Audu malami ne. Audu ba malami ba ne.
3c. Audu yana zuwa. Audu ba ya zuwa.
3d. Akwai ruwa. Babu ruwa, ko ba ruwa.
3e. Ka zo. Kada ka zo, ko kar ka zo.

Idan aka lura, biyun farko ne kawai suke da ƙafa biyu. A 3a ana samun wannan tsari a shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa da lokaci sabau, a 3b kuwa a jimla mai dirka. Sauran ukun kalma ɗaya tak suke ɗauka. Su kansu waɗannan "ba" ɗin ba ɗaya ba ne a furuci, rubutun boko ne ya haɗe su don ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Ta farko a 3b doguwa ce mai karin ƙasa, ta 3c doguwa ce mai karin sama, ta ƙarshen jimla kuwa gajera ce mai karin sama.

Akwai hujjoji biyu da suke wanke "ba ... ba" daga zargi. Hujja ta farko, da a ce ita ɗalibi yake fassarawa, da abin da za a riƙa gani shi ne *He did not come not, wato "not" a goshi da "not" a ƙeya. Wannan kuwa ba kuskure ne da aka san ɗaliban Hausawa da shi ba, domin Bahaushe a ransa ya san korewa ɗaya yake yi. Hujja ta biyu, kuskuren yana faruwa har a wuraren da Hausa take da "ba" guda ɗaya:

4a. Ba na son komai. *I don't want nothing.
4b. Ba ni da kowa a Dutse. *I don't have nobody in Dutse.
4c. Kada ka gaya wa kowa. *Don't tell nobody.

A jimlolin Hausa na 4 babu "ba" ta biyu da za a ɗora wa laifi. Abin da ya haɗa su duka shi ne kalmomin "komai" da "kowa". Nan ne bakin zaren yake.

4.4 Kowa, Komai da Ko'ina

Kalmomin "kowa" da "komai" da "ko'ina" da "koyaushe" an gina su ne daga "ko" da kalmar tambaya, wato wa, me, ina da yaushe. Su kansu ba su ɗauke da korewa, muhalli ne yake tantance ma'anarsu. Inda Hausa take da kalma ɗaya, Ingilishi yana da uku:

5a. Kowa ya zo. Everybody came.
5b. Ban ga kowa ba. I did not see anybody.
5c. Babu kowa a gida. Nobody is at home.

Yaro yakan fara koyon "everybody" a matsayin "kowa" tun a firamare, ya kuma koyi "nobody" da "nothing" a matsayin "ba kowa" da "ba komai". Jerin "anybody" da "anything" da "anywhere" ne ba shi da takwara a Hausa, kuma shi ne ake buƙata bayan "not". Saboda haka idan ɗalibi ya zo fassara 5b, ya riga ya mayar da "ban gani ba" ta zama "I did not see", sai "kowa" ta tsaya masa. Idan ya tuna cewa jimlar korarriya ce sai ya ɗauko "nobody", a samu jimla ta 1. Idan kuwa ya bi ma'anar da ya fara koya sai ya ɗauko "everybody".

Wannan zaɓi na biyu ya fi haɗari, ga shi kuma dokar Lowth ba ta ma san da shi ba. A ɗauka an yi sata a ɗakin kwanan ɗalibai, aka ce wanda ake zargi ya rubuta bayani da Ingilishi. Yana son ya ce "ban ɗauki komai ba", sai ya rubuta:

6. I did not take everything.

Jimlar nan nahawunta daidai ne, jan biro ba zai taɓa ta ba. Amma ma'anarta ita ce "ba duka na ɗauka ba", wato ya amsa laifi da hannunsa. Hausa tana bambance ma'anonin biyu ta hanyar inda ta ajiye "ba": "ban ga kowa ba" daban, "ba kowa na gani ba" daban. Jimla ta 1 maki take jawo wa ɗalibi ya rasa, amma kowa ya gane nufinsa. Jimla ta 6 kuwa tana sa a fahimci akasin abin da yake nufi, a gaban shugaban makaranta ko likita ko alƙali. Koyarwar da ta tsaya ga tsoratar da yaro daga "nothing" ba tare da ta damƙa masa "anything" ba, tana iya tura shi daga ƙaramin kuskure zuwa babba.

Haka kuma akwai kalmomin Ingilishi masu ɓoyayyar korewa, irin su "unless" da "hardly" da "scarcely". Malami yakan fassara "unless" da "in ba", amma a Hausa "in ba" tana jan korarriyar jimla a bayanta, don haka ɗalibi yakan sake korewa:

7a. In ba ka yi karatu ba, ba za ka ci jarrabawa ba.
7b. *Unless you don't read, you will not pass.
7c. Unless you read, you will not pass.

Irin wannan ne yake haifar da *I cannot hardly hear you, inda ɗalibi ya gwama "ba na jin ka sosai" da "da ƙyar nake jin ka". Abin lura shi ne Hausa ma tana da aikatau masu ɓoyayyar korewa, kamar ƙi da kasa da rasa da hana. Bahaushe yakan ce "ya kasa cin komai", ba ya ƙara "ba" sai in yana son ya warware maganar. Wanda ya san wannan a harshensa ba zai sha wuyar gane "unless" da "hardly" ba, in an nuna masa kamannin.

4.5 Tagwayen Mahaɗai

Tagwayen mahaɗai su ne waɗanda ɗaya yake buɗe magana ɗaya ya rufe. A Hausa tagwayen masu kama ɗaya ne, wato kalma guda ake maimaitawa: "da ... da", "ko ... ko", da kuma "ba ... ba" irin ta "ba shiga ba fita" ko "ba ci ba sha". Larabcin da yaro ya sani daga Islamiyya ma haka yake yi a "imma ... wa imma" da "la ... wa la". A Ingilishi kuwa tagwayen ba sa kama da juna, kowace tana da abokiyar da ba ta tafiya sai da ita: "both ... and", "either ... or", "neither ... nor", "whether ... or", "not only ... but also", "no sooner ... than", "hardly ... when". Ashe matsalar nan ita ce dai ta "kowa", wato kalma ɗaya ta Hausa tana fuskantar kalmomi da yawa na Ingilishi.

4.5.1 Da ... Da

Hausa ba ta ƙayyade adadin abubuwan da "da" za ta haɗa ba. Ana cewa "da gero da dawa da wake duk sun yi tsada". Ita kuwa "both" biyu kawai take ɗauka, shi ya sa ake samun *Both millet and guinea corn and beans are costly. Har wa yau, a maganar yau da kullum akan ji "tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma", wanda yake komawa *between eight to ten, alhali abokiyar "between" ita ce "and", "to" kuwa ta "from" ce.

4.5.2 Ko ... Ko

Kalmar "ko" tana ɗauke da aikin kalmomin Ingilishi aƙalla huɗu:

8a. Ko Audu ko Musa zai je Gujungu. Either Audu or Musa will go to Gujungu.
8b. Ko ka so ko ka ƙi, sai ka biya. Whether you like it or not, you must pay.
8c. Ko sisi ba ni da shi. I do not have even a kobo.

Wato "either" da "or" da "whether" da "even" duk "ko" ce a wurin Bahaushe. Da yake "either ... or" ce aka fi nanata wa ɗalibi, ita yake ɗorawa a ko'ina, sai ya rubuta *Either you like it or not, ko kuma *I don't know either he will come or not. Bambancin da ya kamata a nuna masa yana nan a Hausarsa: a 8a zaɓi ake bayarwa, ɗaya ne zai faru, a 8b kuwa ana cewa ne duk wanda ya faru ba zai canja komai ba.

4.5.3 Inda Korewa Ta Haɗu da Mahaɗi

A kan "neither ... nor" ne matsalolin biyu suke haɗuwa. Hausa ba ta da kalma guda mai haɗawa da korewa a lokaci ɗaya a irin wannan jimla. Mahaɗi yana nasa aiki, korewa kuma tana kan aikatau:

9a. Da Audu da Musa ba su zo ba.
9b. *Neither Audu nor Musa did not come.
9c. Neither Audu nor Musa came.

Ɗalibin da ya rubuta 9b ya sauya "da ... da" da "neither ... nor" daidai, amma ya bar "ba su zo ba" yadda take, don a saninsa korewa a jikin aikatau take zama. Bugu da ƙari, "su" ta jam'i a 9a ce take sa ya rubuta "have" ko "are" inda jarrabawa take son "has" ko "is", domin ƙa'idar da ake bi ita ce aikatau ya dace da sunan da ya fi kusa da shi. Da a ce an ba shi "Da Audu da Musa babu wanda ya zo" a matsayin takwarar 9c, da ya ga korewar ta bar jikin aikatau, kuma "ya zo" tilo ce tabbatacciya. Kuskuren *neither ... or kuwa yakan ragu idan aka nuna wa ɗalibi cewa harafin "n" da ke farkon "neither" da "nor" da "never" da "none" ragowar tsohuwar kalmar korewa ce ta Ingilishi, wato "ne". Da zarar ya ga wannan harafi ya san an riga an yi "ba".

4.5.4 Tagwayen da Ingilishi Bai Yarda da Su Ba

Wani lokaci Hausa ce take da tagwaye inda Ingilishi yake son kalma ɗaya. "Ko da yake an yi ruwa sosai, amma gero bai yi kyau ba" Hausa ce tsantsa. Amma *Although it rained heavily, but the millet did not do well kuskure ne, sai dai a zaɓi "although" ko "but". Haka "tun da ... sai" take haifar da *since ... so. Ita ma "sai" ta "isowarsa ke da wuya sai aka fara ruwa" takan koma "when" ko "then" bayan "no sooner", maimakon "than", ga kuma kusancin furucin "then" da "than" yana ƙara dagula lamarin. Abin sha'awa shi ne "ke da wuya ... sai" ta yi kama ƙwarai da "hardly ... when", har a ma'anar wuyar da ke cikinsu.

Akwai ma inda Hausa take shiryar da ɗalibi. Ƙa'idar "not only ... but also" ita ce abin da ya biyo bayan kowace tagwai ya zama jinsi ɗaya, suna da suna ko aikatau da aikatau. Ɗalibi yakan rubuta *He not only sells sesame but also hibiscus. Da ya saurari Hausarsa, "ba riɗi kaɗai yake sayarwa ba, har da zoɓo", da ya ga riɗi ne ya biyo bayan "ba", zoɓo ya biyo bayan "har da", wanda shi ne tsarin "He sells not only sesame but also hibiscus".

4.6 Iyakar Wannan Bayani

Ba daidai ba ne a ce duk kuskuren da ɗalibin Aujara ya yi daga Hausa ya fito. Pit Corder (1967) ya ja hankali ga cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta tsarin da yake ginawa a ransa, kuma wani tsarin daga cikin sabon harshen yake tasowa. Turawa 'yan asali ma suna rikita "neither ... nor", suna kuma ajiye "not only" a inda bai dace ba. Wasu daga cikin kurakuran, kamar "although ... but", ana jin su a bakin 'yan Nijeriya masu harsuna daban-daban, don haka yaro yana iya tsintar su daga rediyo ko daga manyansa. Haka nan finafinai da waƙoƙin Amurka da matasa suke ji a wayoyinsu cike suke da korewa mai amshi, kuma mai koyo ba ya iya tantance wane Ingilishi ne na waƙa wane ne na jarrabawa.

Ita ma dokar Lowth tana da amfaninta. Gajera ce, tana da sauƙin tunawa, kuma takan tsamar da ɗalibi a tambayar zaɓi inda aka jera masa "nothing" da "anything". Abin da ake suka shi ne mayar da ita bayani, alhali gargaɗi ce kawai. Tana cewa kada a yi kaza, amma ba ta faɗi me za a yi ba, ba ta kuma taɓa jimla ta 6 da rikicin "ko" ba.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa dokar "korewa biyu tabbatarwa ce" al'ada ce ta daidaitaccen Ingilishi da aka tabbatar a ƙarni na 18, kuma ta cakuɗa korewa iri uku. An ga kuma "ba ... ba" ba ita ce tushen kuskuren ɗalibai ba, tun da yana aukuwa har a inda "ba" ɗaya ce. Tushen shi ne Hausa takan riƙe kalma guda, kamar "kowa" ko "ko" ko "da", ta bar muhalli ya tantance ma'ana, Ingilishi kuwa yakan ware wa kowace ma'ana kalmarta.

Saboda haka ana ba da shawara malamin Ingilishi a irin wannan yanki ya riƙa farawa daga jimlar Hausa. Ya rubuta "kowa ya zo" da "ban ga kowa ba" da "babu kowa" a allo, ɗalibai su faɗi bambancinsu da kansu, sannan ya ba su kalmomin Ingilishi uku. Ya koyar da jerin "any" tare da "not" a darasi ɗaya. Ya jera ayyukan "ko" huɗu kafin ya kawo "either" da "whether". Haka kuma zai yi kyau malamin Hausa da na Ingilishi su riƙa tuntuɓar juna wajen tsara darasin korewa da mahaɗai, kuma kwalejojin horar da malamai, irin ta Gumel, su ba kwatanta nahawun harsunan biyu muhimmanci. Babi na gaba zai kawo taƙaitawa da kammalawar wannan bincike baki ɗaya.